Yadda Na Toshe Indararon Dam

Karatuna bai wuce aji huɗu na elementare ba, a Gumel, kuma ban taɓa koyon aikin ruwa a wurin kowa ba. Duk da haka na yi shekara huɗu ina kula da wani ɗan dam a wani kwari da ke tsakanin Gagarawa da hanyar Sule Tankarkar, kuma a hannuna ya fashe. Waɗanda suka ga abin da idonsu sun kusa ƙarewa. Sauran da suka rage, in an tuna musu, sai su ce ruwan sama ne ya yi yawa a shekarar. Ruwa ya yi yawa, wannan gaskiya ne. Sauran gaskiyar tana wurina, kuma na gaji da ɗaukarta.

Dam ɗin na wani Alhaji ne, mutumin Gumel, wanda ya yi arziki da fataucin shanu a kasuwar Maigatari. Ya taɓa zuwa wani wuri a wajen Kano ya ga manya zaune a bakin ruwa suna shan iska, abin ya shiga ransa. Da ya dawo sai ya sayi kwarin nan, inda ruwan damina ke gangarowa daga jigayin da ke kewaye, ya ɗauko hayar katafila aka tare bakin kwarin da bangon ƙasa. A shekarar da aka canza hannun tuƙi a hanya aka yi aikin. Bai yi don noma ba, bai yi don shayar da dabbobi ba. So yake ya sami wurin da zai zo da abokansa su huta, su ci nama, su kalli ruwa.

A ƙasan bangon, inda ruwan yake wucewa a da, akwai fadamar taubashina. Ɗan kawuna ne, wato ɗan yayan mahaifiyata, ya girme ni da shekara biyu. Fadamar gadon kakanmu ce da ta faɗo hannun mahaifinsa, sannan hannunsa. Ba ta da girma sosai, amma baƙar ƙasa ce mai laushi, irin wadda ba a cika samu a ƙasarmu ta yashi ba, kuma in ka haƙa zurfin gaba biyu ka tarar da ruwa. Ita ce duk abin da ya mallaka, ita ke ciyar da matarsa da 'ya'yansa huɗu.

Ni da shi, tun muna yara, ba mu taɓa yin magana ta hankali ba. Wasan taubasai ya shiga jininmu. Yana ce mini bawansa, ina ce masa bawana. In ya yi sabuwar riga sai in tambaye shi gawar wa ya tuɓe wa. In na yi ciwo ya zo dubiya, sai ya tambayi mahaifiyata wa zai gaji takalmina. Ko ranar da aka binne mahaifinsa, da na je yi masa ta'aziyya, sai da ya ce mini in zauna can nesa kada in cinye tuwon baƙi. Haka muke nuna ƙauna, ba mu san wata hanya ba.

Shi ne ya samo mini aikin. Lokacin ina dako a Gagarawa Tasha, muna loda buhunan gyaɗa a jirgi, kuma gyaɗar ta fara ja baya, wani satin sai mu kwana uku ba aiki. Alhaji ya tambaye shi, a matsayinsa na maƙwabcin wurin, ko ya san wani amintacce da zai zauna ya kula da dam ɗin. Ya ce akwai wani malalacin bawansa da zaman bakin ruwa zai dace da shi, ba ya sata, don ko satar ma ƙyuya ba za ta bar shi ba. Alhaji ya yi dariya ya ce a kawo ni.

Direban katafilar dattijo ne mai furfura a gemu, ya daɗe yana aikin hanya. Ranar da zai tafi ya ja ni muka bi kan bangon daga wannan kai zuwa wancan. A ƙarshen bangon ta gabas ya bar wani wuri mai faɗi, ya gaza sauran bangon tsayi da kusan tsawon hannu biyu, ya shimfiɗe shi da marmara da duwatsu. Alhaji ya riga ya yi ƙorafi a kan wurin, ya ce kamar ba a gama aiki ba. Dattijon ya tsaya a nan ya tambaye ni ko gidanmu soro ne. Na ce ɗakin mahaifina soro ne. Ya tambaye ni me mahaifina ke yi in damina ta ƙarato. Na ce yana hawa sama ya share indararo.

"To wannan shi ne indararon dam," in ji shi. "Ruwa in ya cika, ta nan zai fita. In ka hana shi ta nan, zai nemi hanyarsa da kansa, kuma ba zai yi shawara da kai ba. Ko mai wurin ne ya ce ka toshe, ka ce masa ni na hana."

Ya kuma ce in riƙa zagayawa ta bayan bangon kullum da safe. In na ga ruwa yana tsattsafowa, in ɗiba a tafin hannu in duba. In garau yake, in sa ido kawai. In kuwa ya fito da laka, to bangon ne yake cin kansa daga ciki, in yi maza in rage ruwa. Na ce na ji. Da gaske kuma na ji, har yau ina iya maimaita maganarsa.

Sai fari ya zo. Damina biyu a jere dam ɗin bai tara abin da ya wuce ɗan kududdufi ba, kafin kaka ya ƙafe. Wanda bai ga shekarun nan ba, ba zai gane abin da zan faɗa nan gaba ba. Gero ya fito ya kai gwiwa ya bushe a tsaye. Shanu suna faɗuwa a gefen hanyar Maigatari, masu su suna tsaye a kansu ba su da ƙarfin yanka su. Mutane suka riƙa shigowa daga arewa, daga wajen Damagaram da gaba, da raƙuma da jakuna da 'ya'ya, suna neman ko dusa ce. Mun fita roƙon ruwa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, da tsofaffi da yara, mun juya riguna, mun yi kuka. Hadari ya haɗu ya yi baƙi, iska ta zo ta watsa shi muna kallo.

A shekarun nan fadamar taubashina ce ta riƙe gidaje biyu. Ya zurfafa rijiyarsa, ya kafa jigo, yana ban ruwa tun asuba. Rogo, kabewa, yakuwa, ɗan albasa. Duk bayan kwana biyu sai ya shigo gidanmu da ƙwarya a rufe ya ajiye gaban mahaifiyata, ya ce Gwaggo ga wannan, amma kada a ba bawan nan, ya je ya ci kifin dam ɗinsa. Mahaifiyata ta ci daga fadamar nan, matata ta ci, ɗana na fari da abincinta aka yaye shi.

Ni kuwa na zama abin dariya. Mutane suka sa wa dam ɗin suna kwatarniyar Alhaji, ni kuma Sarkin Ruwa. In na shiga kasuwar Gagarawa sai a ce a ba Sarkin Ruwa hanya kada ya jiƙa mutane. Ina dariya tare da su, amma abin yana ci mini rai. Bangon kuma rana ta gasa shi har ya tsattsage, wata tsagar hannuna yana shiga har gwiwar hannu. Gafiyoyi suka yi ramuka a samansa. Abin da na gani da ido na tura masa yashi da ƙafa na tattake. Abin da ke ciki ban bi ta kansa ba, don a ganina bangon da ba ya tare komai ba ya bukatar gyara.

Da Allah Ya kawo sauƙi ruwa ya dawo, dam ɗin ya tara fiye da rabi, kuma ya kai rani bai ƙafe ba. Alhaji ya sa aka kawo 'ya'yan kifi a cikin durom daga wajen Haɗeja, tarwaɗa da karfasa. Ya sayo agwagi da ƙaramin kwalekwale, aka kafa rumfa ta zana, aka dasa darbejiya da mangwaro. Ran Lahadi motoci biyu ko uku sukan zo daga Gumel, da ma'aikatan En'e da malaman makaranta da 'yan kasuwa, a shimfiɗa darduma, a kunna rediyo, a gasa rago. Ni ke tuƙa su a kwalekwale. Sunan Sarkin Ruwa bai bar ni ba, amma yanzu masu manyan riguna ke kirana da shi, kuma ba da ba'a ba. Na sayi hula sabuwa. Ina jin kaina wani abu.

Daminar da ta biyo baya ta fara da wuri kuma da ƙarfi. Tun gero bai rufe ƙasa ba ruwa ya kai bakin indararon, wata safiya na zo na tarar ya fara zuba. Yana bi ta kan duwatsun a hankali, ya shiga wata 'yar hanya da dattijon ya yanka masa, ya zagaye fadamar taubashina ta gefe ya tafi daji. Aikinsa ke nan, abin da aka gina shi don ya yi ke nan. Amma na tsaya ina kallonsa kamar jinina ne ke zuba. Wata tsohuwa da ta zo wucewa da itace a ka ta tsaya kusa da ni, ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ko ruwan da muka roƙa da hawaye ne ake bari yana tafiya haka. Ta ce Allah Ya ba mu, mu kuma muna zubarwa, mu ji tsoron ranar da zai tambaye mu. Ga ƙananan kifi kuma suna bin ruwan suna fita, yara suna tsince su a ciyawa.

Ran Lahadi Alhaji ya zo ya tsaya a wurin, hannunsa a baya. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ashe tafiya yake yi." Bai ce in toshe ba. Na daɗe ina so in ɗora masa laifin nan, amma bai ce ba. Ni na ɗauki maganar na ƙara mata abin da raina yake so.

Washegari na je Tasha wurin tsofaffin abokan aikina na karɓo tsofaffin buhunan algarara da aka daina zuba gyaɗa a ciki. Na cika su da yashi na jera a bakin indararon, layi biyu, na liƙe tsakaninsu da laka. Ruwa ya tsaya. Bayan kwana huɗu ya kai saman buhunan, sai na ƙara layi na uku, na yayyanko ciyawa da saiwarta na lulluɓe su yadda mai wucewa zai ɗauka tudu ne. Ruwa ya hau har ya taɓo gindin rumfa. Lahadin da ta biyo baya baƙi suka shiga kwalekwale daga kan darduma ba tare da sun taka laka ba. Alhaji ya ce wurin bai taɓa yin kyau irin na ranar ba. Bai tambaye ni dalili ba, ni ma ban faɗa ba.

Ruwan yanzu ya kai sashen bangon da bai taɓa jiƙa ba, sashen da fari ya tsattsaga, inda ramukan gafiya suke.

Wata safiya ina zaune a rumfa da wasu masunta biyu da Alhaji ya kira su duba girman kifin, sai ga taubashina ya hawo bangon da ƙwarya a hannu. Ya durƙusa a gabana kamar mai kawo gaisuwa fada, ya ce ranka ya daɗe Sarkin Ruwa, ga fura ya damo mini. Na leƙa. Ruwa ne ja, mai kauri, laka ta kwanta a gindin ƙwaryar. Ya ce daga bayan bangona ya ɗebo, wuri uku yake fitowa, ɗaya ma har ya fara shiga kan masararsa.

Na gane abin da nake kallo. Kada in yi wa kaina ƙarya a wannan shekarun nawa. Maganar dattijon ta faɗo mini a take. Amma da wasa ya zo, a gaban mutane, kuma wasan ya ba ni wurin fakewa. Na ce ashe talauci ya kai bawana ga dama ƙasa, a tausaya masa a ba shi kan kifi. Masuntan suka fashe da dariya. Ya ce in dai na sha furar zai tafi. Na ce ubangida ba ya shan abin hannun bawa marar wanka. Ya zubar da ruwan a gabana, ya kife ƙwaryar a kansa kamar hula, ya sauka.

Da la'asar na zagaya na gani da idona. Wuri ukun suna nan, ruwa na fitowa da ɗan ƙarfi, kowanne ya tara ɗan tulin laka a bakinsa. Na ɗebo ƙasa na danna, na ɗora dutse. Na san ba magani ba ne. Amma Alhaji ya riga ya gaya mini Lahadi mai zuwa zai kawo manyan baƙi daga Kano, abokan cinikinsa, yana so su ga wurin a cike. Na ce wa raina bari Lahadi ta wuce, Litinin da sassafe in kwashe buhunan.

Ran Alhamis taubashina ya sake zuwa. A bakin hanya ya same ni, wurin mai shayi, akwai mutum biyar ko shida a kan benci. Bai durƙusa ba, bai ce Sarkin Ruwa ba. Ya kira ni da sunana na yanka, abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba tun da aka haife ni.

"Na ga buhunan da ka jera," ya ce. "Ka cire su yau. Wurin ya zama biyar. Wallahi ba wasa nake yi ba."

Kowa ya juyo gare ni. Da na tashi na ja shi gefe, da na ce masa to, da yanzu ba wannan nake rubutawa ba. Sai na ji bakina yana cewa, "Jama'a ku ji mini, yaushe bawa ya fara ba ubangidansa umarni?"

Aka yi dariya. Shi ma ya ɗan yi, don a wurinmu wanda ya yi fushi da wasan taubashi shi ne abin kunya, shi za a ce ba shi da zumunci. Na san haka, shi ya sa na faɗa. Na ɗaure shi da igiyar da ba zai iya tsinkewa a gaban mutane ba. Ya juya ya ce wa mai shayi a sa wa bawansa sukari da yawa, ba a saba sha a gidansu ba, ya tafi.

Ran Asabar, a tsakiyar marka, ruwa ya sauko tun hantsi. Babu iska, babu tsawa, zuba kawai yake yi kamar da bakin ƙwarya. Kafin azahar duk jigayin sun sako nasu cikin kwarin. Na fito da gudu na nufi indararon, na shiga ruwa har ƙugu na kama buhun farko. Buhun yashi in ya sha ruwa ya liƙe da laka, ƙato biyu ma sai sun yi da gaske. Na ciro ɗaya, na ciro na biyu, farcena ya fita ban ji ba. Ina kokawa da na uku na ɗaga kai, sai na ga ruwa yana bi ta kan bangon a tsakiya, inda ya ɗan lotsa. Da farko siriri ne kamar zare. Ina kallo ya zama kamar hanyar shanu. Sai bangon ya buɗe, da wata ƙara da na ji a cikin cikina kafin in ji a kunne.

Ruwan da ya kamata ya fita a hankali cikin sati uku ya fita kafin a idar da sallar azahar, kuma bai bi hanyar da aka yanka masa ba. Ta tsakiyar fadamar ya bi. Taubashina yana ciki a lokacin, yana ƙoƙarin yanka wa ruwan da ke tsattsafowa hanya da fartanya. Allah Ya sa ya ji ƙarar ya gudu ya hau jigawa. Gidansa a kan tudu yake, ba a rasa rai ba. Shekara da shekaru ina riƙe da wannan a matsayin uzuri.

Da ruwa ya tsagaita mutane suka fito. Inda masara da rake da rogo suke, babu komai sai farin yashi shimfiɗe, wani wurin har cinya. Ta tsakiya ruwan ya yanka kwazazzabo, ya kwashe baƙar ƙasar ya tafi da ita. Rijiyar ta cike, jigon ya ɓace. Kifin Alhaji yana ta tsalle a kan yashi, mata da yara suna cika kwanduna suna murna.

Ni kuwa, lokacin da hankalin kowa yake can, na koma indararon. Ruwa ya janye, buhunan suna nan a jere a fili kamar shaidu. Na fitar da wuƙa na farke su ɗaya bayan ɗaya, na zazzage yashin na baje shi da ƙafa, na naɗe buhunan na kai ɗakina. Da suka bushe na ƙone su. Ban fara zuwa wurin ɗan'uwana in ga ko ya ji ciwo ba. Wannan na fara yi.

Washegari Alhaji ya zo, mai gari ya zo, dattawa suka taru a kan abin da ya rage na bangon. Alhaji ya ce direban katafila ne ya yi masa aikin ha'inci, tun farko shi bai yarda da mutumin ba. Ina tsaye a bayansa ban ce uffan ba, aka zagi dattijon da ya gaya mini gaskiya. Mai gari ya juya ga taubashina, tun da shi ne mai babbar asara, ya tambaye shi ko ya ga wata alama kafin abin ya faru. Mutanen da suka ji maganarsa a wurin mai shayi suna nan, amma sun ɗauke ta wasa, kamar yadda na so su ɗauka. Taubashina ya dubi mai gari. Sannan ya ce, "Ruwa ne, ranka ya daɗe. Abin Allah ne." Aka yi addu'a aka watse. Alhaji ya aika masa da buhun gero biyu, kuma bai sake gina dam ɗin ba. Aikina ya ƙare a nan.

Ranin nan gaba ɗaya mun yi shi ni da taubashina muna kwasar yashi a fadamarsa. Ya ari jaki da mangala, ni ina cikawa da shebur shi yana kaiwa gefe. Kullum ina zuwa tun safe, mutane suna yaba mini, suna cewa zumunci ke nan. Ranar farko da na iso na ce masa ina bawana, an tashi aiki ko ana barci. Ya dube ni ya ce, "Sannu da zuwa, Malam. Ina kwana? Yaya iyali?" Haka ya ci gaba. In na cika mangala ya ce sannu da aiki. In za mu tashi ya ce ya gode, Allah Ya saka. Na gwada tsokanarsa sau da yawa, ya yi murmushi irin wanda ake yi wa baƙo. Mahaifiyata ta lura, ta tambaye ni me ya shiga tsakaninmu. Na ce asara ce ta taɓa shi, zai ware.

Mun buɗe wuri kamar faɗin tsakar gida biyu, muka tarar ƙasar da ke ƙasa ba ita ba ce, jar ƙasa ce mai tauri. Da damina ta dawo, babu bango babu hanyar ruwa, kwazazzabon ya sake kawo yashi ya rufe abin da muka buɗe. Ya shuka gero a kai, ya samu abin da bai kai su sallar layya ba. A shekara ta biyu ya kwashe iyalinsa ya koma Maigatari. Ya kama aiki a kara, wato kasuwar shanu, yana ja wa shanun fatake ruwa a rijiya, yana riƙe igiya ranar kasuwa. Mutumin da ya ciyar da gida biyu a cikin fari.

Sai bayan rasuwar mahaifiyata na iya zuwa wurinsa da niyyar faɗa. Na hau motar kasuwa ran Alhamis, na jira har aka tashi, ya kai ni ɗakin da yake haya a bayan kara. Ya rame, yana tari. Ya shimfiɗa mini tabarma sabuwa, shi ya zauna a ƙasa, ya sa aka kawo mini ruwa da fura. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi kowa da kowa. Da na ga zai fara gaisuwar daga farko, sai na ce na zo ne a kan maganar dam, akwai abin da bai sani ba.

Ya ce ya sani. Ya ce yana kan jigawa a ranar, daga can ana hango indararon, ya ga lokacin da nake farke buhunan.

Na tambaye shi me ya hana shi faɗa wa mai gari.

"Gwaggo tana da rai a lokacin," ya ce. "Da wane ido za ta kalli mutane?"

Na ce ya yafe mini. Na faɗa sau biyu, na biyun ina kuka. Ya jira har na yi shiru, sannan ya ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Na zauna ina jiran sauran maganar, ba ta zo ba. Ya ce kada mota ta tafi ta bar ni, ya raka ni har tasha, ya riƙe mini jakata kamar yadda ake yi wa baƙo, ya ce in gaida gida.

Bai fi shekara uku ba bayan haka tarin ya tafi da shi. Bai gaya wa matarsa ba, bai gaya wa 'ya'yansa ba. Cikin mazan babu wanda ya zama manomi, biyu suna dako a kan iyaka, ɗaya ya tafi kudu ba a cika jin labarinsa ba. Abin da suka sani game da ni shi ne na yi rani guda ina taya mahaifinsu kwasar yashi ba tare da an biya ni ba. Da babban ɗansa ya sami ɗa namiji, sunana ya sa masa, ya zo har gida ya gaya mini dalili. Na je sunan. Aka ba ni wuri a gaba, aka ce ni zan yi wa yaron addu'a. Na yi, na ci tuwo, na dawo gida ban ce musu komai ba.